Gwaggo da Karyayyar Gyada

Gara in faɗa da bakina tun ba a faɗa mini ba: sakaran da ke cikin wannan labari ni ne. Wanda ya zo da fatan in nuna wani, ya yi haƙuri ya naɗe tabarmarsa.

Gwaggo ta rasu ranar Laraba da hantsi, a ƙauyenmu da ke gefen Waca, cikin ɗakin da ta yi fiye da shekara sittin tana kwana. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ko da yake ban san yadda za a yi Gwaggo ta huta ba, matar da ban taɓa ganin ta zaune hannu biyu babu komai ba. Ƙanwar mahaifina ce, autar ɗakinsu, shekara goma sha biyu kacal ta ba ni. Amma da waɗannan goma sha biyun ta mulke ni har na yi furfura, har furfurar ma ta zube.

An yi jama'a. Tsofaffin mata masu tuyar ƙuli-ƙuli, waɗanda suka koyi sana'ar a hannunta, sun ciko motar haya tun daga Guci. Ɗaya daga cikinsu, wadda haƙori guda ya rage mata, tana hango ni a zaure ta tsaya da sallamarta.

"A'a, ɗan lakwal! Ashe kana nan? Mu ai mun ɗauka kai za ka riga ta."

Na ce, "Hajiya, na so hakan, ita ce ta hana. Ta ce ba zan je in ɓata mata wuri ba."

Liman ya yi addu'a, ya ce marigayiya ba ta taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba. A sahun baya wani ya yi tari, wani ya taya shi. Ni dai na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Najeriya kuwa abin da ya ɗaure musu kai shi ne kukan mai ɗakina. Tsohuwa mai tattaɓa-kunne, tana kuka kamar yarinyar da aka bari a kasuwa, har wata ta tambaya a hankali ko ƴar cikinta ce. Aka ce a'a, matar ɗan wanta ce. Suka dubi juna.

Bayan sadakar uku jikana mai aikin biro, wato ofis, a Magariya ya ajiye mini littafi da alƙalami. "Tsoho," in ji shi, "kullum kana cika mana baki kai ne farkon wanda ya shiga lakwal a garin nan. To, ga fili. Rubuta mana ita kafin kai ma ka bi."

Na ce masa uwarsa ce za ta bi. Amma tun ranar ban iya zama ba. In zauna a tabarma, in tashi. In je ƙofar gida, in dawo. In ɗauki alƙalamin, in ajiye in nemi goro. Akwai abin da na daɗe ina kewayawa, kuma Gwaggo ta tafi ta bar ni da shi a tsakar gida.

Bari in fara da hancinta. Gwaggo ba ta yarda da ido ba, ba ta yarda da kunne ba. Ko me aka miƙa mata, zane ne, kuɗi ne, jariri ne, sai ta fara kai shi hanci. Tana iya shinshina tulun mai ta ce gyadar ta sha ruwa a gona, kuma a bincika a tarar haka ne. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifina tana da ƙuruciyarta, manema suka yi ta zarya. Wani mai doki ya zo har sau uku. Da Baba ya tambaye ta dalilin ƙi, cewa ta yi, "Yaya, mutumin nan warin ƙarya yake." Daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Ta kafa turminta da kaskonta a kusurwar gida, tana matse mai tana tuya, tana kai wa kasuwa a ka.

Ni kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba. Ɗan lakwal. Shekara uku na yi a lakwal ta Magariya, wato makarantar boko, kuma ba don an ga ƙwaƙwalwa aka kai ni ba. An ce kowane gari ya ba da yaro, mai gari ya duba ya ga ni ne wanda ba za a yi rashi ba. Na dawo da gajeren wando, da ƙirga har ɗari, da Faransanci kamar cikin cokali. A ƙauyenmu wannan ya isa a kira mutum masani. In na bi ta kusa da kaskonta ina taku irin na ma'aikata, sai ta ce, "Ɗan lakwal, zo ka gaya wa wutar nan da Nasaranci ta daina hayaƙi."

Zamanin da nake magana zamanin Faransa ne, ƴan shekaru kafin su tattara. Lokacin gyada ce sarauniya. Kwamanda, Bature mai mulkin yankinmu, yana so, ƴan kasuwa suna so, kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, suna ta jigila zuwa kudu, an ce daga can jirgi ke kai ta ƙasar Nasara a matse ta. Gonar da kakanninmu suka san ta da gero, aka wayi gari rabinta gyada. Ni ina da kamar shekara ashirin, da aure na shekara guda, mai ɗakina tana da ciki wata bakwai, cikin fari.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka mushen gona ya zo, wato ma'aikacin noma na gwamnati (mushe muke ce wa kowane ma'aikaci), wani dogon mutumin bakin teku da ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ya tara maza a gindin gawo, ya fito da gwangwani cike da wani gari mai ruwan toka. Aka nemi tafinta. Kafin a rufe baki na miƙe.

Mutumin ya yi magana mai tsawo. Na kama gyada, na kama ƙwari, na kama da kyau. Na juya na ce wa dattawa, "Ya ce a cuɗa wannan da iri kafin a shuka. Gara ba ta ci, tururuwa ba ta ɗauka, ba ya ruɓewa a ƙasa." Aka yi ta gyaɗa kai. Sai ya ɗebi garin da cokali, ya kai hannu kusa da bakinsa, ya ɗaure fuska, ya kaɗa yatsa sau uku. Wannan kam ko kurma ya gane. Ni ma na gane, kada wani ya ce rashin Faransanci ne. Amma na dubi fuskokin dattawan nan na ga in na ce guba ce babu mai karɓa, mushe kuma zai koma bariki ya ce tafintan ƙauyen nan bai iya ba. Kuma na ce a raina, to wa ke cin iri? Iri ai na ƙasa ne. Sai na haɗiye maganar.

Kawuna, da ke cikin dattawan, ya ce, "Me ya ce a ƙarshen nan?"

Na ce, "Ya ce kada a yi wasa da shi."

Gwangwanin gidanmu ni na rungumo shi. Gwaggo na gani ta karɓa, ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri kamar an mare ta. Sai ta juya shi ta ga hoton ƙoƙon kai a jikin takardar.

"Ɗan lakwal, wannan kan wane ne?"

"Kan ƙwaron da ya ci ne, Gwaggo. An nuna yadda yake ƙarewa."

"Ƙwaro da haƙora irin na mutum?"

"Ƙwarin ƙasarsu haka suke."

Ta miƙo mini gwangwanin. Ta ce, "Fitar mini da shi daga inda ake girki." Na kai shi bayan rumbu, ina gunaguni a kan jahilci.

To ga abin da ban sani ba, ni masani. A gidanmu, da kowane gida a ƙasar nan, in za a yi shuka mata ne ke ɓarar gyadar iri. In sun gama ɓara sai su zauna da faifai su tsince. Mai lafiya, cikakkiya, ita ce iri, ta maza. Karyayya da tsamurarriya da wadda fatarta ta sale, wannan rabon mata ne. Ba a ba su, ba su roƙa, ba a kuma tambayar su. Da ita ake miya a watan da rumbu ya yi ƙasa, da ita ake rufe bakin yara, mai tsinta kuma tana yi tana jefawa a baki. Kowace yarinya ƴar shekara biyar ta san wannan. Ni shekarun da ya kamata in gani ina Magariya ina haddace sunayen kogunan Faransa, da na dawo kuma na fi ƙarfin in dubi abin da mata ke yi da faifai.

Ranar kasuwar Waca Gwaggo ta yi sammako da tulun manta. Na fito na ga hadari ya ɗan taso a gabas, na ga gyadar da mata suka ɓare jiya tana cikin masaki an rufe da faifai, ba a tsince ba tukuna. Zuciyata ta ce yau za a san an yi lakwal a gidan nan. Na ɗauko gwangwanin na zazzage, na zura hannu har gwiwar hannu ina cuɗawa ina fito. Na mayar da faifan na rufe, na karkaɗe hannu a wando, na tafi dandali in ba da labari. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Maganar noma ce, ta maza.

Mata suka gama aikin safe suka buɗe masaki suka ga gari-gari. Ba su yi mamaki ba, don mun saba zuba toka a iri saboda ƙwari, kuma toka ba ta taɓa kashe kowa ba. Suka bakace, suka hure, suka zauna tsinta. Inna, mahaifiyata, ta daka nata ta ɗora miya. Mai ɗakina kuwa, da kwaɗayin mai ciki, tana tsinta tana ci. Daga baya ta ce ta ji ɗan ɗaci da wani wari, ta ɗauka cikin ne ya sauya mata baki, don a watan nan ko ruwan randa wari yake mata.

Ina dandali da azahar ina koya wa mutane yadda ake noma a Faransa, na ji muryar Gwaggo tun daga gida. Ban taɓa jin ta haka ba. Na sheƙo. Na tarar da tukunyar miya a kife a tsakar gida, ta yi jifa da ita. Tana bin yara ɗaya-ɗaya tana buɗe musu hannu tana zura musu yatsa a baki. Tulun manta yana ƙofar gida a fashe, a nan ta sake shi da ta dawo daga kasuwa, don tun daga zaure hancinta ya gaya mata. Mai ɗakina tana kwance a gindin turmi, miyau yana dalala, jikinta yana karkarwa, ta riƙe ciki da hannu biyu.

Inna tana cewa iska ce, a kira malam. Gwaggo ta ce, "Iskar tana da gajeren wando." Ba ta ko dube ni ba. Ta tallafi mai ɗakina ta sa ta yi amai, ta ɗura mata nono, ta sake sa ta. Sannan ta ce, "Ɗauko gwangwaninka. Ɗauko ta."

Muka ɗora ta a jaki zuwa bakin hanya. Akwai kamiyon wani ɗan kasuwa da ke komawa Magariya in kasuwa ta watse, kuma kowa ya san ba ya tsayawa tsakanin gari da gari saboda yashi. Na ce, "Gwaggo, ba zai tsaya ba." Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu, ta shiga tsakiyar hanya ta tsaya ta buɗe hannuwa. Motar ta taho tana ƙara, ita ko gezau. Direban ya tsaya saura taku uku, ya leƙo yana zagi.

"Baiwar Allah, hauka kike?"

"Hauka nake. Sauko ka kama mini ƙafafunta."

Ya sauko kuwa.

Tafiyar nan ba na son tuna ta. Muna bisa buhuna, rana tana sauka, motar tana tafiya kamar ba ta so. Gwaggo ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, tana kiran ta, "Amarya, dube ni. Amarya, kada ki rufe ido, ba a yi miki izini ba." Can kuma sai ta ɗora tafin hannu a kan cikin ta yi shiru tana saurare. Na tambaye ta sau ɗaya ko yana motsi. Sai ta koma kiran Amarya.

A likita, wato asibiti, muka sami majo, babban ma'aikacin wurin, wani dattijo mai tabarau. Ya karɓi gwangwanin ya karanta, ya ce wa ya ba mace mai ciki wannan. Gwaggo ta ce ba a ba ta ba, ta yi masa bayanin tsintar iri. Ya dube ni, ya dubi wandona.

"Kai ka yi lakwal?"

"Na yi, mushe."

"Karanta mini layin nan."

Na tsura wa layin ido. Na san haruffan ɗaya-ɗaya, kamar yadda mutum ke sanin ƴan garinsu, amma sun ƙi haɗuwa su yi mini magana. Ya karɓe abinsa, ya ce an rubuta kada ya taɓa abinci, kada a cuɗa da hannu, kada a ajiye inda yara suke. Sannan ya kore ni waje in wanke hannuwana da sabulu, don zuwa lokacin sun yi ja sun fara ƙaiƙayi har kafaɗa.

Mai ɗakina ta tashi. Kwana huɗu ta yi ba ta san inda take ba, a na biyar ta nemi kunu. A na shida naƙuda ta zo, saura wata biyu. Aka sami ɗa namiji, bakwaini, wanda tafin hannun Gwaggo biyu suka ɗauke shi duka.

A nan ne na ga Gwaggon da masu tari a sahun baya ba su sani ba. Ta naɗe yaron cikin auduga ta sa shi a ƙirjinta, cikin zane, fata da fata. Ba ya iya kama nono, sai ta sa uwar ta tatsa a ƙoƙo, tana ɗiga masa da tsinken kara. Ta bar kasko, ta bar kasuwa. A zaune take sallah don kada ta girgiza shi. Da muka dawo gida aka yi suna ba kiɗa, ita ta miƙa shi ga wanzami, ta kuma ce masa in ya aske fiye da gashi uku za ta aske shi. Tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, ita da ban taɓa jin ta yi waƙa ba ko a biki.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Da hantsi ya tafi, a ƙirjinta.

Mutane suka ce ajali, kuma gaskiya suka faɗa, babu mai wuce nasa. Majo ma da na koma na tambaye shi bai rantse mini cewa garin ne ya jawo naƙudar ba, ya ce Allah ne masani. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Gwaggo kuwa ba ta taɓa ce mini ajali ba, ba ta kuma taɓa ce mini kai ne ba. Shekara sittin da ɗoriya ina jiran ɗaya daga cikin biyun.

Abin da ta yi shi ne doka. Ba ta hana amfani da garin maganin ba, ta san ba za ta iya da Kwamanda ba. Amma ta bi gida-gida ta gaya wa mata abin da na haɗiye a gindin gawo. Daga shekarar nan a garinmu ba a ba namiji iri sai mata sun tsince sun kwashe rabonsu. Cuɗawa kuma sai a gona, da sanda, cikin ƙwaryar da ta fasa wa baki don kada a sake shan fura da ita. Kawu ya ce yaushe mace ta fara tsara wa maza shuka, suka yi wata guda ba sa gaisawa. Ta ce ba komai, ya zo ya ci miyar da ta kifar, ta ajiye masa. Har tsufanta, da zamani ya kawo maganin fesawa a jarka, in ta ga yaro ya ɗauraye jarkar zai zuba ruwan sha, da sandarta take bin sa, tana tafe tana haki. Matasa suna ce mata tsohuwa mai rigima. Mai ɗakina, wadda Allah ya ba ta ƴaƴa bakwai bayan wancan, kowane ciki a ɗakin Gwaggo take cin abinci har ta haihu.

Saura abu guda, shi nake ta kewayawa.

Irin nan da na cuɗa, Baba ya ce ba za a zubar ba, aka shuka shi. Ya tsiro babu gibi ko ɗaya. Gonarmu ta yi kyan da masu wucewa ke tsayawa kallo. Da kaka mushen gona ya zo ya zagaya, ya yi ta murna, ya rubuta mini takardar yabo da hatimi a ƙasa, ya ce za a nuna sunana a bariki. Wata biyar ke nan ina tafiya a gidanmu kamar baƙo, ina cin abinci a zaure. Na karɓi takardar nan na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na ce yau dai Gwaggo za ta ga abin bai tafi a banza ba.

Na same ta a gaban kasko tana tuya. Mai ɗakina tana gefe tana mulmula mata ƙuli, bayanta babu komai sai zane. Na gyara murya na miƙa takardar.

"Gwaggo, kin gani? Gonarmu ce ta ɗaya a ƙasar nan duka. Ko ƙwaya guda ba ta ruɓe ba. Maganin nan dai, a faɗi gaskiya, ya yi aikinsa."

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta juya ta gaba da baya, ta dubi hatimin. Sannan ta ninke ta biyu a hankali, ta miƙo mini.

"Madalla, ɗan lakwal. Miƙa wa matarka ta goya."